Tarihin Delta da Farantin Parabol

Duk shekara idan jarabawa ta matso, in muka buɗe layin waya a shirin matasa, ba a rasa ɗalibin lise da zai kira ya yi mini tambaya iri ɗaya: "Don Allah, wannan deltar da ake wahalar da mu a kanta, wa ta taɓa ciyarwa?" Ba na ganin laifinsa, don ni ma na yi tambayar a zamanina. Na haddace b² − 4ac kamar yadda ake haddace lambar waya, na juye ta a takardar jarabawa, na fito na bar ta a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce mini farantin da ke kan rufin gidanmu, wanda kowa daga Maraɗi har Damagaram ke kira parabol, ya ci sunansa ne daga layin nan mai lanƙwasa da malam ke zanawa a allo. Kullum muna kallon labarai ta cikinsa, kullum muna zana shi a aji, amma ban taɓa haɗa su a raina ba.

Da na koma na bi tarihin abin, sai na ga ashe rashin haɗawar ba daga kaina ya fara ba. Lissafin daraja ta biyu, wato irin lissafin da adadin da ake nema yake ninka kansa, x sau x, hanyarsa daban. Layin parabol shi ma hanyarsa daban. Na farko ya fito daga awon fili, na biyu daga wani kacici-kacici na masana Girka. Sun yi kusan shekara 2,000 kowa na tafiyarsa kafin a ɗaura su wuri ɗaya, kuma yawancin amfanin da muke ci yau bayan ɗaurin ya zo.

Mu fara da na fili. A ƙasar Babila, tsakanin kogunan Dijla da Furat, inda Iraƙi take a yau, akwai makarantun horar da magatakarda tun shekaru kusan 3,800 da suka wuce. A kan ɗanyen yumɓu suke rubutu, shi ya sa allunansu suka kai har zamaninmu. Ɗaya daga cikinsu yana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, mai lamba BM 13901, ɗauke da tambayoyi sama da 20. Ta farko tana magana ne a kan fili murabba'i, mai gefe huɗu daidai: an haɗa girman filin da tsawon gefensa ɗaya, an sami kashi uku cikin huɗu, to nawa ne gefen? Su da sittin-sittin suke ƙirga, gadon da ya bar mana minti 60 a awa, don haka 45 suka rubuta. Malamin ya bi da ɗalibi mataki-mataki: a raba ɗaya biyu, a ninka rabin da kansa a sami rubu'i, a ƙara a kan ukun cikin huɗu ya zama ɗaya cif, a nemi adadin da in ya ninka kansa zai ba da ɗaya, wato ɗaya, a cire rabin nan da aka fara da shi. Amsa: rabi. Wanda ya gwada zai ga haka ne, rabi sau rabi rubu'i, a ƙara rabi, uku cikin huɗu.

Sai dai a faɗi gaskiya, babu manomin da ya taɓa haɗa girman gonarsa da tsawon gefenta. Kamar a ce a haɗa mudun gero da kamun yadi ne. Tambayar atisaye ce, an yi ta don wasa ƙwaƙwalwar yaron da gobe zai auna gonakin sarki, ya lissafa ƙasar da za a haƙe daga magudanar ruwa da abincin 'yan ƙwadago. Ina kyautata zaton ɗalibin Babila ma ya yi gunaguni irin na mai kirana. Amma ƙashin abin na gaske ne. Duk inda tsawo da faɗi suka dogara da juna, wannan lissafi yana nan laɓe. A ce an ba ka fuloti mai murabba'in mita 600, aka ce tsawonsa ya ɗara faɗinsa da mita 10. Ko ka sani ko ba ka sani ba, kafin ka kai ga 30 da 20 ka warware lissafin daraja ta biyu.

Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jens Høyrup, ya daɗe yana bin kalmomin waɗannan alluna ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa kalmomin yanka ne da liƙawa: a tsaga, a ɗauke, a manna. Ma'ana magatakardan suna ganin fili ne a idon zuci, suna yanke wani yanki su maido shi wani gefe har siffar ta zama murabba'i. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

Indiyawa sun ƙara nasu. A shekara ta 628 Miladiyya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idar warware irin wannan lissafi, kuma bai ji tsoron sifili ko adadin da ya gaza sifili ba. Ya kira wanda ya haura dukiya, wanda ya gaza kuma bashi, bayanin da har yau ban ji wanda ya fi shi sauƙi ba.

Amma mutumin da ya mayar da waɗannan dabaru fanni mai suna da babi-babi shi ne Muhammad bin Musa Alhawarizmi, a Bagadaza, wajen shekara ta 820, zamanin halifa Ma'amun. Sunan littafinsa ya ƙunshi kalmomi biyu, al-jabr da al-muƙabala. Ta biyun ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, mun san muƙabalar malamai, inda ake zaunar da ɓangare biyu fuska da fuska. A lissafi ma haka ne, a dubi abin da ke dama da abin da ke hagu, a soke wanda suka yi tarayya a kai. Al-jabr kuwa ɗori ne, irin na karaya: in an tauye wani abu a ɓangare ɗaya, a cika shi, a ƙara kwatankwacinsa a ɗaya ɓangaren. Kalmar ta shiga harshen Sifaniya da wannan ma'ana, har an yi zamanin da ake kiran maɗori aljebrista. Daga ita aljebra ta samo suna, daga sunan marubucin kuma aka sami kalmar algoritim da masu kwamfuta ke yawan faɗa.

Babu x ko ɗaya a littafin, babu alamar daidai, komai da jimloli aka rubuta. Adadin da ake nema sunansa saiwa, ko kuma "abu" kawai. In ya ninka kansa sunansa mali, kalmar nan dai da ke cikin baitulmali. Adadi tsura kuma dirhami. Misalinsa da ya fi shahara, wanda aka yi ta kwafa ɗaruruwan shekaru, shi ne mali ɗaya da saiwa goma da suka tashi 39. A rubutun yau, x² + 10x = 39.

Ga yadda ya nuna dalilin amsar, kuma da an nuna mini wannan a aji da ban tsani delta ba. Ka shimfiɗa tabarma murabba'i wadda ba ka san tsawon gefenta ba. Ita ce mali. Saiwa goma kuwa wata doguwar tabarma ce, gefenta ɗaya daidai da na farko, ɗayan kamu goma. Ka tsaga ta biyu, biyar-biyar. Ka jera ɗaya a gabashin ta farko, ɗaya a kudancinta. Yanzu shimfiɗar ta kusa zama babban murabba'i, sai dai akwai giɓi a kusurwa, kamu biyar da kamu biyar, wato 25. Abin da ke ƙasa an ce 39 ne. Ka ciko giɓin da aro, ya zama 64. Murabba'in da girmansa 64 ne, gefensa 8 ne. Ka cire biyar ɗin da ka jera, saura 3. Gefen tabarmar farko ke nan: 9 da 30, 39.

To ina delta a nan? Ɗalibi ya lissafa ta wannan misali, zai sami 100 da 156, wato 256. Ya raba huɗu: 64. Delta girman shimfiɗar nan ce da aka cika, an ninka ta sau huɗu don a huta da rabe-rabe. Shi ya sa ake neman saiwarta, ana neman gefen tabarma ne. Shi ya sa kuma in ta gaza sifili malam yake cewa babu amsa, don babu tabarmar da girmanta bashi ne. Abin da aka ba mu mu haddace a layi ɗaya, hoto ne da yaron firamare zai iya yankawa da almakashi.

Alhawarizmi bai karɓi adadin bashi ba. Lissafin nan na sama yana da amsa ta biyu, 13 ƙasa da sifili, bai ko waiwaye ta ba, tunda babu fili mai irin wannan gefe. Wannan ƙin ne ya sa ya kasa lissafin gida shida, kowanne da hanyarsa, inda mu yau ƙa'ida ɗaya ta ishe mu. Amma ya san tambaya ɗaya na iya samun amsa biyu na halal: ya kawo mali da dirhami 21 da suka yi daidai da saiwa goma, inda 3 ta yi, 7 ma ta yi.

A gabatarwarsa ya bayyana wa ya rubuta wa littafin: masu rabon gado da wasiyya, masu shari'a, 'yan kasuwa, masu awon ƙasa da haƙar magudanai. Kusan rabin littafin ma a kan wasiyya da gado yake. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ana fitar da tumuni da sudusi, ana mayar da dukiya kashi 24 don kowa ya sami rabonsa ba tare da ɓari ba, ya san irin duniyar da littafin ya fito. Sai dai an cika faɗin cewa don gado aka ƙirƙiro lissafin daraja ta biyu, kuma wannan ƙari ne. Matsalolin gadon da ke littafin yawancinsu na daraja ta ɗaya ne, ba sa bukatar mali. Babin mali ya fi kusa da awo, da kuma son sanin abin don kansa.

Daga Bagadaza ilimin ya bi hanyar yamma. Ibn al-Yasamin, wanda ya rasu a Marrakesh a 1204, ya tsara ƙa'idojin aljebra a waƙe don ɗalibai su haddace, yadda ake haddace nahawu da fiƙihu a zaurukanmu. A 1145 wani Bature, Robert na Chester, ya fassara littafin Alhawarizmi zuwa Latin a ƙasar Sifaniya, daga nan ya shiga makarantun Turai.

Yanzu mu koma baya mu ɗauko ɗaya hanyar. Girkawa na da labarin cewa annoba ta taɓa faɗa wa mutanen tsibirin Delos, aka ce musu su ninka girman dakalin hadayarsu, wanda siffarsa irin ta ƙwayar lido ce, fuska shida daidai. Suka ninka kowane gefe, dakali ya tashi ninki takwas. Labarin almara ne, amma tambayar ta gaske ce, kuma ta gagari masana: wane tsawo za a ba gefe don girman ya zama ninki biyu cif? Wajen shekara ta 350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mai suna Menekmus ya gano cewa amsar tana mahaɗar wasu layuka masu lanƙwasa, waɗanda ake samu in an yanka siffa irin ta mazurari ko jinkar ɗaki. In ka yanka jinka a kwance, bakin yankan da'ira ne. In ka ɗan karkata wuƙa, ya zama kamar ƙwai. In ka karkata har wuƙar ta yi jere da gangaren jinkar, bakin ba ya rufewa, sai ya buɗe hannu biyu ya tafi. Wannan ne parabol.

Wanda ya raɗa masa suna shi ne Apoloniyus na Perga, wajen shekara ta 200 kafin Miladiyya, a littafi mai juzu'i takwas. Bakwai da suka tsira na ɗauke da hujjoji kusan 400 a kan waɗannan layuka, kuma da za a tambaye shi wa suka ciyar, da bai da amsa mai yawa. Ya san cewa a parabol murabba'in wani tsawo yana tafiya daidai da wani tsawon, wanda shi ne y = x² tamu a cikin jimla, amma a wurinsa siffa ce ake nazari, ba a mayar da ita na'urar fitar da amsa ba. Juzu'i huɗu na farko ne kaɗai suka rage da Girkanci. Na biyar zuwa na bakwai da Larabci suka tsira, albarkacin 'ya'yan Musa bin Shakir da suka nemo rubuce-rubucen a Bagadaza da Sabit bin Ƙurra da ya fassara. Na takwas ya ɓata. Lokacin da Edmond Halley, mai tauraro mai wutsiya, ya buga littafin a Oksfod a 1710, sai da ya koyi Larabci.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne a gari ɗaya, a ƙarni ɗaya, aka rubuta aljebra aka kuma fassara Apoloniyus. Umar Hayyam, wanda duniya ta fi sani da waƙa, ya kusa ƙulla su a ƙarni na 11, da ya riƙa warware lissafin daraja ta uku ta hanyar haɗa parabol da da'ira ko wani layin. Amma ƙullin bai kammala a hannunsa ba.

Amfani ɗaya ne aka hango wa parabol tun da wuri, shi ne madubin ƙonawa. Diyoklis, wanda ya yi zamani da Apoloniyus, ya tabbatar da cewa in aka yi madubi mai wannan lanƙwasa aka fuskantar da shi ga rana, duk hasken da ya faɗa masa zai koma ya taru a ɗigo ɗaya. Bari in kira ɗigon matattara. Littafinsa ma da Larabci ya rage, a wani kwafi da ke Mashhad ta Iran, wanda aka buga a 1976. Labarin da ake yaɗawa cewa Arkimidis ya ƙone jiragen ruwan Rumawa da madubai, marubutan da suka zo ƙarnoni bayan yaƙin ne suka kawo shi, kuma ni ban gaskata shi ba. Amma ya sa masana sun yi ta bincike. Ibn Sahl a Bagadaza wajen 984, da Ibn al-Haisam wanda ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira, duk sun yi rubutu a kan yadda ake fitar da irin wannan madubi.

Igwa ce ta tilasta haɗuwar. Da Turawa suka shiga yaƙi da albarushi, sarakuna suka bukaci sanin inda dalma za ta faɗi. A 1537 Tartaglia na Italiya ya ce harbi ya fi nisa in an ɗaga bakin igwa digiri 45, amma hoton tafiyar da ya zana ya haɗa miƙaƙƙen layi, da ɗan baka, da faɗowa tsaye. Galileo ne ya warware ta. Tun wajen 1608 yake gangaro da ƙwallon ƙarfe daga kan katako, ya bar shi ya fice daga bakin tebur, ya auna inda ya sauka. Ya gane cewa abin da aka jefa tafiya biyu yake yi a lokaci ɗaya. Ta gaba ba ta canja gudu: taki ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta ƙasa kuwa ƙaruwa take yi: ɗaya, huɗu, tara, goma sha shida, wato lokaci sau kansa. In ka sa ɗigo a kowane mataki ka haɗa su, layin Apoloniyus ne ya fito. Bai buga wannan ba sai 1638, yana tsare a gidansa kusa da Firenze bayan hukuncin da cocin Roma ta yanke masa a 1633, idanunsa sun tafi, kuma sai a Leiden ta ƙasar Holan aka buga littafin.

Shekara guda kafin nan, a 1637, René Descartes ya fitar da hanyar da ke mayar da lissafi zane, zane kuma lissafi. Pierre de Fermat ma ya kai ga hakan a nasa ɓangaren. Descartes ne ya saba mana da x da y ga abin da ake nema, a da b da c ga abin da aka sani. Tun daga nan tabarmar Alhawarizmi da jinkar Apoloniyus suka zama abu ɗaya: amsoshin lissafin su ne inda layin ya taɓa ƙasa, ƙololuwar layin kuma ita ce mafi yawa ko mafi ƙarancin abin da za a iya samu.

Wannan ƙololuwa tana da aiki a lambu. Mai wayar shinge mita 40 in ya yi fili 2 da 18, ya kewaye murabba'in mita 36. In ya yi 5 da 15, 75. In 8 da 12, 96. In 10 da 10, 100, daga nan kuma sai raguwa. Waya ɗaya, kuɗi ɗaya, amma fili ya kusa ninka uku. In kuwa akwai katanga a gefe ɗaya, ya ba ta mita 20 a jere da 10 a kowane gefe, ya sami 200. Ƙirgan Galileo kuma yana auna rijiya: dutse na faɗuwa kimanin mita 5 sau daƙiƙoƙi sau kansu, don haka in ya yi daƙiƙa 2 kafin ka ji tsulum zurfin ya kai wajen mita 20, in 3 wajen 45, a ɗan rage kaɗan saboda lokacin da ƙarar ke ɗauka ta hauro. Wanda ya fi damuna shi ne na birki. Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana bin gudu sau kansa. Motar da ke tsayawa cikin mita 14 a gudun kilomita 50, a gudun 100 sai ta ci wajen 56, ban da tazarar da ta shuɗe kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Direban da ya ninka gudu a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram yana jin ya ninka haɗari biyu ne, alhali huɗu ya ninka, kuma jakin da ya fito daga gona bai san lissafi ba.

Kada dai a ɗauka parabol ta ci kowane yaƙi. A fagen igwar da ya jawo ta ma ta sha kaye. Galileo ya san lissafinsa ya ajiye iska a gefe, amma bai san girman abin da ya ajiye ba. A 1742 Benjamin Robins na Ingila ya auna gudun harsashi, ya nuna cewa iska na cinye mafi yawan nisan da lissafin ya yi alkawari. Ƙwallon ƙafa da ruwan tiyo suna bin parabol kusa-kusa, harsashi ba ya bi. Gyaran wannan kuskure ya zama aiki mai cin rai, har ya kai ga na'urar ENIAC, ɗaya daga kwamfutocin farko, wadda aka nuna wa duniya a 1946, an gina ta ne don lissafa jadawalin harbi na sojan Amurka. Haka sarƙar da aka rataye: ta yi kama da parabol har Galileo ya kwatanta su, amma Huygens yana ɗan shekara 17 ya nuna ba ita ba ce. Sai in an rataya wa igiyar kaya mai nauyi daidai tun daga farko har ƙarshe, kamar daɓen gada, sannan take komawa parabol.

Inda ta yi nasara sosai shi ne a sana'ata. A 1888, a Karlsruhe ta Jamus, Heinrich Hertz ya lanƙwasa fallayen ƙarfe masu tsayin mita biyu ya yi musu siffar parabol, ya aika igiyar rediyo daga ɗaya zuwa ɗaya, ya nuna cewa tana dawowa daga madubi kamar yadda haske ke yi. Madubin Diyoklis ke nan ya sami sabon aiki bayan shekara 2,000. A 1937 wani injiniyan rediyo, Grote Reber, ya gina faranti mai faɗin kusan mita 9 a bayan gidansu a jihar Ilinoi ta Amurka, don sauraron abin da ke zuwa daga taurari. Namu na kan rufi jikansa ne. Tauraron ɗan'adam da ke aiko mana hoto yana nesa da ƙasa kimanin kilomita 36,000, saƙonsa na isowa a galabaice. Farantin yana tattara duk abin da ya sauka a faɗinsa ya zuba shi a matattara, inda ɗan kan nan yake zaune a bakin sanda, kuma siffar ta sa duk igiyoyin suna isa a lokaci ɗaya, ba mai riga wani. Tocila da fitilar mota irin ta da, juyin wannan ne: ƙwai a matattara, haske ya fita a miƙe.

Wurin matattarar ma ana lissafa shi da igiyar awo kawai. A faranti mai cikakkiyar da'ira, a ninka faɗinsa da kansa, a raba da zurfinsa sau 16. Mai faɗin santimita 120 da zurfin 15, 14,400 ke nan a raba da 240, matattara na santimita 60 daga tsakiya. Ƙananan farantai na yanzu yanki ne da aka ɗebo daga gefen babban parabol, shi ya sa kansu yake zaune ƙasa-ƙasa, don kada inuwarsa ta tare saƙo. Mai gyaran da ke hawa rufi yana matsar da kan nan da ɗan yatsa, yana ƙwala wa na cikin ɗaki kira ko hoto ya zo, ɗigon Diyoklis yake lalube.

Rana ma ba a bar ta ba. A 1913, a Ma'adi kusa da Alƙahira, Ba'amurke Frank Shuman ya jera dogayen madubai biyar masu siffar kwalbati, kowanne da bututun ruwa a matattararsa, tururin ya juya injin da ke ɗebo ruwan Nilu zuwa gonaki. Yaƙin duniya na ɗaya da arhar man fetur suka kashe aikin. Irin wannan tsari ne tashar Noor ta farko da Maroko ta buɗe a Warzazat a 2016 take amfani da shi, mai ƙarfin megawat 160.

A nan tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar lissafi ne da ya ba da rayuwarsa ga makamashin rana. Ya jagoranci ɗakin binciken hasken rana a Bamako, sannan daga 1969 ya riƙe hukumar ONERSOL a Yamai, inda aka yi aiki a kan na'urorin dafa ruwa da girki da madubai masu tara haske, a ƙasar da itacen girki ke ƙara nisa da gari kowace shekara. Ya shugabanci jami'ar Yamai, ya rasu a 1991, jami'ar ta ɗauki sunansa a 1992. Mutane da yawa sun san sunan a bakin ƙofar jami'a, kaɗan ne suka san cewa tun 1964 ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya dage cewa a koyar da yara da harsunan da suka tashi da su.

Na tuna da shi sau da yawa ina wannan rubutu, don kalmomi irin su matattara da daraja ta biyu sai da na lalubo su, alhali tabarma da giɓi da ɗori da bashi suna nan a bakin kowa. Ɗalibin da ya kira ni da Hausa ya yi tambayarsa, da Hausa na ba shi labarin tabarmar 64 a cikin mintunan da suka rage kafin labarai, amma da Faransanci zai zauna jarabawarsa.